Yadda Ake Shan Mai a A-kori-kura Marar Murfin Tanki, da Yadda Ake Karanta Lambar Okten

Ranar da na fara buɗe ƙofar tankin wata a-kori-kura 'yar Amurka da muka karɓo daga Kwatano, na ɗauka an sace murfin ne a hanya. Babu murfi, babu igiyarsa, sai rami da wani ɗan ƙyaure a ciki. Har na fara tambayar kuɗin sabo, wani bakanike ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai haka aka ƙera ta." Bayan sati biyu mai ya yanke mini tsakanin Zariya da Kano da almuru. Na sayi jarka guda wurin ɗan bumburutu, yaron ya yanke gorar ruwa ya yi mazurari kamar yadda aka saba, ya cusa, ya fara tuttulawa. Kusan rabin man a ƙasa ya ƙare, yana tsiyaya ta bayan taya. Ba laifin yaron ba ne, ba kuma na motar ba. Mazurarin da ya dace yana nan kwance ƙarƙashin kujerar baya, ni ne ban san da zamansa ba.

Waɗannan motoci an yi su ne don gidajen man Amurka, inda direba ke zuba wa kansa, bakin famfo ke da girma ɗaya, kuma ake zaɓar fetur iri uku da maɓalli. Wanda ya kawo su inda ake shan mai da jarka, cikin ƙurar hunturu, sai ya koyi wasu 'yan abubuwa da babu mai gaya masa a wurin ciniki.

Abin da ke cikin ramin

Kamfanin Ford ne ya yaɗa wannan tsari da sunan Easy Fuel, ya sa shi a a-kori-kurarsa F-150 daga ƙirar 2009. Daga baya sababbin Silverado da Sierra da Ram 1500 da Honda Ridgeline suka bi sahu. Hilux da muka saba da ita tana nan da murfinta.

In ka leƙa da tocila za ka ga ƙyaure mai sifirin. A wasu motocin biyu ne, na waje mai tare ƙura da na ciki mai roba a gefensa, wanda shi ne ainihin murfin. A gefen ramin akwai 'yan sakatu da ba sa sakin ƙyauren sai abin da aka zura ya danna su gaba ɗaya, wato sai kaurinsa ya yi daidai. Bakin famfon fetur kusan milimita 21 ne, na dizal ɗin ƙananan motoci kusan 24. Na dizal ya yi wa tankin fetur girma, na fetur kuma ya yi siririn da ba zai iya buɗe sakatun motar dizal mai irin wannan tsari ba. Gorar ruwa, tiyo, mazurarin kasuwa, duk ba sa cika wannan awo. Shi ya sa man da yaron nan ya zuba bai shiga ba: ya taru a bakin ƙyaure, ya bi ƙaramar kafar da aka yi don ruwan sama ya sauka ƙasa.

Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne tanki yana numfashi. Duk litar da ta shiga sai litar iska ta fita. A tsofaffin motoci iskar takan biyo baki ta fito, shi ne warin da ke cika gidan mai. Dokar Amurka ta hana haka, tun daga 1998 a ƙananan motoci, a-kori-kura kuma daga 2001 aka fara. Yanzu tururin yana bin tiyo zuwa wani akwatin roba cike da gawayi, yawanci a ƙarƙashin mota kusa da tanki. Gawayin ya riƙe tururin, iska ta fita ta wani bawul, daga baya in mota na tafiya wani bawul ɗin daban da ke wajen inji ya buɗe a zuƙe tururin a ƙona. Makanikai na kiran akwatin kanista. Riƙe sunan nan, domin yawancin wahalar da ake ɗora wa ƙyaure daga can take.

Shan mai a gidan mai

Mataki na ɗaya, kashe inji, ka sauko. A wajenmu ma'aikaci ne ke zubawa, direba na zaune yana duba waya, amma da wannan mota sai ka tsaya a kansa, aƙalla har masu gidan man da kake zuwa su saba da ita.

Na biyu, buɗe ƙofar ka duba. In akwai yashi ko laka a bakin ramin, goge da tsumma kafin a zura komai. Duk abin da ke bakin nan bakin famfo zai tura shi ciki, ya kuma zauna a kan robar da ke rufe tanki.

Na uku, a zura bakin famfo a miƙe, a hankali, har ya wuce ƙyaure ya zauna. In ya cije, kada a danna da ƙarfi. A zaro, a duba ko famfon dizal aka ɗauko, a kuma duba ko bakin ya lanƙwashe ko ya ɓare. Famfo da yawa sun sha faɗuwa ƙasa, bakinsu ya bar zama da'ira, kuma irin wannan yakan ƙi buɗe sakatu, ko ya shiga ya ƙi fita. Matsa zuwa famfo na gaba ya fi sauƙi.

Na huɗu, a bar hannun famfon ya kwanta da nauyinsa. Ɗaga shi sama yana karkatar da bakin a ciki, man ya riƙa dukan bango yana dawowa.

Na biyar, kuma a nan ne rigima take: in famfo ya yanke da kansa, an gama. Wasu littattafan Ford sun yarda a ƙara har yankewa ta biyu, amma ban da ta uku. Al'adarmu ta "ciko shi har baki", a riƙa girgiza mota, a zaro bakin famfo rabi a riƙa ɗigawa don kuɗi su cika dubu-dubu, ita ce ke kashe kanista. An bar sarari a saman tanki da gangan saboda fetur yana kumbura da zafi. In ka cike sararin, ruwan fetur ya gangara cikin gawayin da aka yi don tururi kawai, ya jiƙe, ya dunƙule, ko ya farfashe ya bi tiyo ya toshe bawul. Lita biyun da ka matsa ba za su kai ka ko'ina ba, tunda tankin F-150 yawanci galan 23 ne ko 26 ko 36, wato wajen lita 87 ko 98 ko 136.

Na shida, a jira kamar daƙiƙa goma kafin a zare, man da ya rage a baki ya gama sauka, sannan a zaro a miƙe. Ƙyauren zai rufe da kansa. Rufe ƙofar waje sosai, don ita ce kaɗai tsakaninsa da ƙurar hanya.

In famfo na ta yankewa tanki bai cika ba

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi yawa. An zuba lita uku ya yi ƙas, a sake dannawa ya yi ƙas, layi na bayanka na ta hon.

Kusa da ƙarshen bakin famfo akwai wata 'yar kafa da ke zuƙar iska yayin da mai ke gudu. Da zarar ruwa ya rufe ta, famfo ya ɗauka tanki ya cika, ya yanke. Saboda haka tambayar ita ce me ke sa mai ke dawowa sama. Bi wannan tsari daga mai arha zuwa mai tsada.

Fara da zaman bakin famfon. A tura shi ya zauna sosai, in bai yi ba a ɗan janyo shi kaɗan, ko a ɗan juya hannun gefe. Sai a rage gudu, a danna rabi maimakon a ƙure. A Amurka doka ta taƙaita gudun famfon fetur zuwa galan 10 a minti, kusan lita 38, kuma a kan wannan aka auna wuyan tankin. Famfon da ya fi haka ƙarfi zai sa man ya yi kumfa ya dawo. Duba kuma tsayuwar motar, domin in gefen tanki ya karkata a gangara, iska kan rasa hanya. Sannan gwada wani gidan man.

In duk inda ka je haka take yi, ko da an zuba a hankali, to numfashin tanki ne ya toshe. Ga abin da za ka ce wa bakanike ya duba, kuma a wannan jeri:

Tiyon da ya haɗa wuyan tanki da tanki, da ƙaramin da ke gefensa. A a-kori-kura suna bi ne tsakanin bodi da firem, kuma in an taɓa cire bodin baya, ko an yi walda an ɗora ƙarafan ɗaukar kaya, sau da yawa a nan ake matse su ko a lanƙwasa.

Bawul ɗin fitar iska da 'yar matatarsa. Yana ƙarƙashin mota, inda ƙura ke tashi. Motar da ke shiga hanyoyin ƙauye kullum takan cika shi da jar ƙasa. Zanzaro ma kan yi gini a bakin tiyon in mota ta daɗe a ajiye. Kada ka raina ƙwaro a wannan harka: a 2011 sai da Mazda ta janye dubban Mazda6 a Amurka saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a tiyon numfashin tanki.

Kanistar kanta. A cire a ɗaga. In ta yi nauyi, tana warin ɗanyen fetur, ko gawayi na zubowa daga bakinta, ta gama aiki. A sauya, a hure tiyoyin da iska kafin a ɗaura sabuwa, in ba haka ba ɓarɓashin da ya rage zai lalata ta ita ma.

Akwai gwaji mai sauƙi da bakanike zai iya yi: ya zare tiyon da ya taho daga tanki zuwa kanista na ɗan lokaci, a fili, nesa da wuta, a zuba mai. In ya shiga lafiya, toshewar daga kanista zuwa waje take. Gwaji ne kawai, a mayar da tiyon. Na san akwai masu cewa a cire kanistar gaba ɗaya a huta. Ban goyi baya ba. Tanki zai riƙa shaƙar ƙura kai tsaye, warin fetur zai zauna ƙarƙashin mota, wutar cek-inji kuma za ta tsaya a kunne har ranar da wata babbar matsala za ta zo ba ka da abin da zai sanar da kai.

Wata alama ta daban: an gama shan mai, ka murza makulli, inji ya yi ta juyawa kafin ya tashi, ko ya tashi yana rawa, amma sauran lokuta lafiya lau. Wannan galibi bawul ɗin da ke wajen inji ne ya maƙale a buɗe, tururin da sabon mai ya koro ya cika inji. Ƙaramin abu ne, sauya shi ba ya ɗaukar lokaci, kuma kada a bari a sayar maka da famfon tanki, wato wanda ke cikin tanki yana tura mai zuwa inji, a kansa.

Zuba mai daga jarka

Yau ɗin nan, kafin ka buƙace shi, nemo mazurarin motarka. Na roba ne, a Ford fari, tsawonsa bai wuce tafin hannu da 'yan yatsu ba. A F-150 yawanci yana tare da jak da kayan sauya taya, ƙarƙashin kujerar baya ko bayanta. Wasu motocin a akwatin gaban fasinja yake. Motocin da suka biyo ta gwanjo da jirgin ruwa sukan iso babu shi, don haka in ba ka gani ba ka sa mai kayan gyara ya samo maka wanda aka yi don irin motarka, na fetur daban na dizal daban.

Zura shi a miƙe har ka ji ya wuce ƙyaure. Riƙe shi da hannu ɗaya, wani ya zuba a hankali, domin maƙogwaronsa siriri ne. In man bumburutu ne, ɗora tsumma mai tsabta a bakin jarkar ko a kan wani babban mazurari da zai zuba cikin naka. In ka gama, zaro, goge, bar shi ya bushe kafin ka mayar cikin mota.

In yankewa man ya yi gaba ɗaya, zuba aƙalla lita 5, fiye da haka in a kan gangara ka tsaya. Murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da tayar da inji ba, jira 'yan daƙiƙu, kashe, maimaita sau uku ko huɗu famfon tanki ya tura mai gaba, sannan ka tayar.

Mazurarin nan ba ya tantance abin da aka zuba masa. Kariyar da sakatu ke bayarwa ta ƙare da zarar ya shiga, saboda haka shinshina jarkar ka taɓa da yatsa: dizal yana da maiƙo, fetur yana bushewa nan take. In kuskure ya riga ya faru, kada ka ko murza makulli. A ja motar a zubar da man da ke cikin tankin.

Kada a cika jarka tana bayan mota, musamman mai shimfiɗar roba. Gudun mai yana tara lantarki a jikin jarka, robar ta hana shi sauka, sai tartsatsi ya tashi tsakanin jarka da bakin famfo. A bushewar hunturu abin ya fi sauƙin faruwa. Sauke ta ƙasa, a cika, a rufe, a ɗora.

Masu zuƙo mai da tiyo don janareta kuma, wannan mota ba ta yarda. Tiyon da kaurinsa ya yi daidai zai iya shiga, amma wajen fitowa ƙyaure ya cije shi. In ya riga ya maƙale kada ka fizga. Zura wani siririn abu na roba ko katako ta gefensa ka danne ƙyauren, sannan ka janyo a hankali. Ban da sukudireba, don ƙarfe na iya yaga robar ko ya yi tartsatsi.

In dashbod ya rubuta Check Fuel Fill Inlet

Kwamfutar mota takan rufe tanki lokaci-lokaci ta gwada ko iska na zurarewa. In ta ji yoyo sai ta rubuta wannan saƙo, in ya daɗe ta kunna cek-inji. Mai na'urar sikanin zai ga lambobi irin P0455, wato babban yoyo, P0442 ko P0456 ƙanana, P0457 kuma na nufin baki bai rufu ba.

Tsaya, kashe inji, goge bakin. Ɗauko mazurarin ka zura ka zare sau biyar ko shida, don tsakuwar da ta tokare ƙyaure ta faɗi, robar ta koma mazauninta. Saƙon ba ya gogewa nan take. Sai motar ta kwana ko ta yi aƙalla awa huɗu a kashe, an tayar an yi tafiya, wani lokaci sau da yawa, kafin kwamfuta ta sake gwaji ta gamsu. Ba ta kwana uku. In ya ƙi tafiya, a yi gwajin hayaƙi, inda ake hura hayaƙi cikin tsarin a ga inda yake fita, domin tiyo da ya tsage ma wannan lambar yake bayarwa. Sai an tabbatar robar ƙyauren ce sannan a sayi sabon wuyan tanki, don yawanci gaba ɗayansa ake sauyawa.

Kada a shafa giris ko baƙin mai a ƙyauren da sunan laushi, ƙura za ta manne ta zama laka. A wurin wankin mota ka hana a nufi ramin da ruwa mai ƙarfi. Ana kuma sayar da toshe na roba, har da mai makulli, da ake sawa a bakin. Ga mai yawan tafiya a hanyar da ba kwalta, kuɗinsa ba su tafi a banza ba.

Lambar okten

Okten ba ma'aunin ƙarfin fetur ba ne, ba kuma na tsabtarsa ba. Yana nuna yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa ba. A ƙa'ida fulogi ne ke kunna wuta ta bazu a tsare. In fetur bai da juriya, ragowar da ke gefen silinda sai ta fashe kafin wutar ta iso, ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu da kaya. A Turance sunan wannan ƙara ɗaya ne da abin da makanikanmu ke cewa "inji ya yi nokin", amma su suna nufin inji ya riga ya mutu. Ƙarar tsakuwa gargaɗi ce, in ta daɗe kuwa tana iya fasa fistin ta kai ka ga wancan.

Mataki na farko, duba abin da motarka ke so, a cikin ƙofar tanki ko a littafinta. Ga yadda wasu sanannun injina suke:

F-150, har da masu EcoBoost (injin Ford mai turbo, wato na'urar da ke ƙara cusa wa inji iska) mai lita 3.5 da ya fito a 2011 da mai 2.7 na 2015, mafi ƙaranci 87. Ford ya ƙara da cewa 91 ko sama ya fi ba da cikakken ƙarfi, kuma an fi jin bambancin a lokacin zafi ko jan tirela. Silverado da Sierra masu V8 lita 5.3 suna shan 87, masu 6.2 kuwa an ba da shawarar babban fetur, wato mai babbar lambar okten. Ram mai Hemi 5.7 an fi so a ba shi 89, amma 87 ya halatta.

Lura da kalmar da aka yi amfani da ita. In littafi ya ce an ba da shawara, injin zai iya da ƙaramin, ƙarfi ne zai ɗan ragu. In ya ce wajibi ne, wannan ba motar da za a yi wa rowa ba ce, kuma mai shirin sayo ta ya fara tunanin inda zai samo mata mai.

Mataki na biyu, fassara lambar, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Hanyoyin gwaji biyu ne, RON da MON, na biyun ya fi tsanani kuma lambarsa ta fi ƙanƙanta. Amurka da Kanada suna haɗa biyun su raba biyu, shi ya sa ake ganin (R+M)/2 a jikin famfonsu. Turai da Saudiyya da ƙasashenmu RON kaɗai ake faɗa. Tazarar maki huɗu zuwa shida ce. 87 na Amurka ya yi daidai da wajen RON 91 ko 92, 91 nasu wajen RON 95, 93 kuma wajen RON 98. Don haka wanda ke Jidda ya ga 91 a famfo kada ya ɗauka babban fetur ne da littafin F-150 ke nufi. Ƙaramin ne. Wanda littafin ke kira 91 shi ne 95 na Saudiyya.

Mataki na uku, ga wanda ke da zaɓi. In injinka 87 yake so kuma ba turbo, ƙarin kuɗin babban fetur sadaka ce ga gidan mai. In mai turbo ne, sha ƙarami a zirga-zirgar gari, ka koma babba in za ka ja kaya ko tafiya mai nisa cikin zafi. Dalili shi ne akwai na'urar sauraro a jikin inji, da ta ji alamar ƙarar nan sai kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi ta rage iskar turbo. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Don ka san ko bambancin ya biya kuɗinsa a motarka, cika tanki zuwa yankewar farko, mayar da awon tafiya sifili, a cikawa ta gaba raba kilomita da lita. Yi haka sau uku da kowane iri, a hanya iri ɗaya. Gauraya su ba laifi ba ne, rabin 87 da rabin 91 na ba da wajen 89.

Mazauna Amurka su kiyaye abu biyu. A jihohin duwatsu irin Kolorado da Yuta ana sayar da 85 a matsayin ƙaramin fetur. Hujjar ta tsofaffin injina ce, waɗanda ƙarancin iskar tudu ke rage musu matsi, amma turbo yana cike wannan giɓi, kuma Ford ya ce kada a sauka ƙasa da 87. Sannan E85 ba okten 85 ba ne, fetur ne mai yawan etanol, na motar da aka yi wa alamar rawaya a bakin tanki kaɗai.

Inda fetur iri ɗaya ne

A yawancin gidajen man Najeriya da Nijar babu maɓalli uku, abin da ke famfo shi ne. Zaɓinka ya koma na gidan mai da na ƙafarka.

Tsaya wa gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki, waɗanda ka gwada motarka ba ta yi ƙorafi ba. Fetur da aka gauraya da kananzir ko dizal oktensa faɗuwa yake yi sosai, kuma inji mai turbo ne ke fara jin jiki. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ya san ko famfo ba ya rasa ranar tsiya, balle jarkar bakin titi. In dole ta sa ka sha na jarka, sha iya wanda zai kai ka gidan mai, ka cika a kansa.

Zafi yana ƙara wa fetur saurin fashewa. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, in awo ya haura 40, mota ɗauke da buhuna tana bakin iyakarta. Tashi da asuba in da hali. In motar na da maɓallin jan kaya, mai rubutun Tow/Haul, danna shi, don yana riƙe ƙaramin giya ya hana inji nishi a babban giya, kuma a wannan nishin ne ƙarar ta fi zuwa. Wanke lagireto da na'urar sanyaya iskar turbo da ke gabansa daga ƙura da ƙwari. Sa fulogin da littafi ya faɗa, a sauya a kan lokaci.

Kwalaben ƙarin okten da ake jerawa a shagunan kayan mota, karanta su da kyau. Wadda ta ce tana ƙara maki huɗu sau da yawa 0.4 take nufi, wato daga 87 zuwa 87.4. Masu tasiri sosai kuma galibi da sinadarin ƙarfe irin manganis suke aiki, wanda ke barin jan datti a fulogi da na'urorin salansa, kuma littafin Ford ya hana. Kafur da wasu ke jefawa a tanki ma ka bar shi a akwatin tufafi.

In ka ji ƙarar tsakuwa sau ɗaya, gajeriya, lokacin da ka taka da ƙarfi, ba abin tashin hankali ba ne, kwamfuta na gyarawa. In ta ci gaba, ɗaga ƙafa nan take, sauko da giya, ka lallaɓa zuwa gidan man da ka yarda da shi ka cika tankin don sabon ya rinjayi tsohon. In bayan tanki biyu na mai mai kyau tana nan, to ba fetur ba ne kaɗai. A sa na'ura a duba na'urar sauraron da zafin inji, a kuma leƙa silinda a ga ko baƙin datti ya taru a kan fistin.